Yadda zaka gane ko hoton gem ɗinka zai ja mutane a Steam da Play Store, tun kafin ka ɗora shi

Gem sama da 18,000 ne suka fito a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, a shekarar 2024 kaɗai, kusan 50 kenan kullum ta Allah, Play Store kuwa ba a ma magana. Toh duk wanda ya zauna ya haɗa gem, ko kuma aka bashi aikin dizain na hoton da za'a saka a shagon, gara ya sani tun wuri cewa babu wanda zai tsaya ya ƙare wa hoton nan kallo yadda shi yake zama gaban babban sikirin ya ƙura masa ido yana jin daɗi. Mai siya gungurawa kawai yake da babban yatsa, rabin hankalinsa na WhatsApp, hotonka ya gifta tare da na wasu goma sha, ko ya danna ko ya wuce, kuma yawanci wucewa yake.

Shi yasa in wani ya turo min hoto yace "Malam duba mana, yayi kyau kuwa?" bana saurin cewa eh ko a'a, domin ba kyau ne tambayar farko ba. Tambayar farko itace, in hoton nan ya ƙanƙance aka cusa shi tsakiyar na wasu, mutumin da bai taɓa jin labarin gem ɗin ba zai iya karanta sunan, kuma zai iya cewa "wannan na faɗa ne" ko "wannan na noma ne" ba tare da an masa bayani ba? In ya tsallake wannan sai mu zo maganar kyau. In bai tsallake ba, ko wane gwanin zane ne yayi shi, aiki bai yi ba. Ka ɗauke shi kamar allon shago a bakin titi da mutum ke hangowa daga cikin adaidaita sahu tana tafiya, ba wanda zai ce wa direba dakata in karanta.

Fara da sanin girman da zai fito a idon mutane

A Steam waɗannan hotunan sunansu kafsul, kuma ba guda ɗaya bane, kala-kala ne. Akwai na saman shafin gem ɗin mai fiksel 920 a kwance da 430 a tsaye, akwai babba na shafin farko 1232 da 706, akwai na tsaye 748 da 896 wanda yafi fitowa lokacin rangwamen da suke yi na kaka da kaka, akwai na laburare 600 da 900 wanda wanda ya riga ya siya yake gani, sai dogon bango na laburare 3840 da 1240 da ba a yarda ka rubuta komai a kansa ba domin logo daban ake ɗora masa. A watan Agustan 2024 ne kamfanin Valve mai Steam ya ninka girman na shagon, in ka ci karo da tsohon bayani yana cewa 460 da 215 toh tsoho ne.

Amma wanda yafi kowanne wahalar da masu dizain shine ƙaramin, 462 da 174. Kuma ba a nan ya tsaya ba, Steam da kanta take ƙara matse shi zuwa 184 da 69, har zuwa 120 da 45. Wannan ɗan mitsitsin ne ke fitowa a sakamakon bincike da jerin sabbin gem da jerin waɗanda aka fi siya, wato inda baƙi suka fi haɗuwa da kai. Ita kanta Valve shawarar da take bayarwa itace a ƙaramin kafsul logo ya kusa cike hoton gaba ɗaya.

A Play Store aikon, wato ɗan hoton alamar manhaja, 512 da 512 ne, sai faffaɗan hoton nan 1024 da 500. App Store na Apple aikon 1024 da 1024. In a shagon gem na itch.io zaka sa, 630 da 500. Lambobin nan na ɗorawa ne fa, a kan wayar mutum aikon ɗin ɗan tsiriri zai koma.

Don haka aikin farko: buɗe hoton a duk abun da kake amfani dashi, Photopea ne ko GIMP ko Krita, ko ma PixelLab a waya, ka mayar dashi 120 da 45, ka ajiye, ka buɗe shi ba tare da ka zuƙo ba. Kar ka kusanto da fuskarka. Ka zauna yadda ka saba zama. Sunan na karantuwa? In sai ka tsuke ido ka matso kafin ka gane harafin farko R ne ko K, magana ta ƙare, a koma kan logo. Mutane da yawa suna ɗaukar babban hoton ne su matse shi ya zama ƙarami shikenan, wannan ganganci ne, kowane girma tsarinsa daban ake masa, a ƙarami kana iya cire jarumin ma gaba ɗaya ka bar suna da kalar bango.

Bayan nan ka tura wa kanka hoton a WhatsApp, ka barshi ya matse shi yadda ya saba lalata hotuna, ka buɗe a wata waya mai sauƙin kuɗi, itel ko tsohuwar Tecno mai tsagaggen gilas, ka rage hasken sikirin yadda muke yi in caji ya kusa ƙarewa, ka fita tsakar gida da rana tsaka. Inaga wannan gwajin yafi duk wani na cikin kwamfuta faɗin gaskiya, musamman in gem na waya ne. Hoto mai duhu da yawa nan take yake komawa baƙin tabo. Ko masu Steam ma ba duka ne ke gaban babbar kwamfuta ba, Steam Deck, na'urar gem ta hannu da ta fito a 2022, sikirin ɗinta inci 7 ne, wasu kuma a manhajar Steam ta waya suke leƙa shago.

Sunan gem ɗin

Nan zan ɗan daɗe domin nan aka fi yin ɓarna. Salon rubutu mai siraran layuka, mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko wanda aka cika masa wuta da tartsatsi da jini na ɗiga, a babba yana burgewa amma da ya ƙanƙance sai haruffan su manne da juna. Abun da zaka duba shine kaurin harafi, da tazarar da ke tsakanin haruffa, da kuma abun da ke bayan rubutun. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Logo mai kyau in aka ɗora shi kan ganyayyaki da takubba da fuskokin mutane sai ya nutse, dole bayansa ya zama wuri mai lafawa, sararin sama ko duhu ko hazo, ko a zagaye haruffan da layi mai kauri. Duba Stardew Valley na Eric Barone da ya fito a 2016, haruffan katako ne masu kauri a kan shuɗin sama, kana gani ka karanta, kuma katakon da ɗan ganyen sun riga sun gaya maka cewa rayuwar ƙauye ce da noma, babu bindiga a nan. Logon yayi aiki biyu kenan a lokaci ɗaya, kuma irinsa kake nema.

In sunan dogo ne mai ƙaramin suna a ƙasa, ka duba ko ƙaramin sunan yana karantuwa. In baya karantuwa a cire shi daga ƙaramin kafsul, layin da ba a iya karantawa datti kawai yake ƙarawa.

In kuma sunan Hausa ka raɗa wa gem ɗinka, akwai ɗan tarko. Yawancin fon (wato salon haruffa) na ado da ake saukewa kyauta basu da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai kaga manhajar ta aro harafin daga wani fon daban ta liƙa, duk haruffa masu kauri shi kaɗai siriri, ko ma ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Noto na Google da Andika na SIL suna da su, in kuma fon ɗin adon kake so dole, sai mai zane ya ɗauki K ɗin ko D ɗin ya zana masa ƙugiyar da hannu, da kaurin da ya dace. Sannan ka sake duba shi a ƙarami, domin ƙugiyar ita ce farkon ɓacewa.

Ka karanta sunan harafi-harafi da ƙarfi, dan Allah. Kar kace wa zai yi kuskure a sunan gem ɗinsa, Capcom guda a 2012 ta buga kwalin Resident Evil Revelations na 3DS da sunan a rubuce "Revelaitons" a gefen kwali, ya fita kasuwa a haka.

Cire kalar ka gani

Mataki na gaba ka mayar da hoton baƙi da fari. Duk wata manhajar gyaran hoto tana yi, a Android ma akwai yanayin kwanciya barci da ke mayar da sikirin gaba ɗaya toka-toka. Dalili shine ido haske da duhu yake fara rarrabewa kafin kala. Ja da kore kala biyu ne mabambanta amma in haskensu ɗaya ne, da ka cire kalar zaka ga jarumin ya narke cikin bango. Ga kuma masu matsalar rarrabe ja da kore ɗin, kusan namiji 1 cikin 12 ne a wasu al'ummomi, kuma su ma 'yan gem ne. A baƙi da fari abun da kake so ka gani shine abu ɗaya yafi komai haske ko yafi komai duhu, kuma abun nan ya zama ko logo ko jarumi. In wata fitila ce can a kusurwa tafi komai haske, ido can zai tafi.

Hollow Knight na Team Cherry, 2017, shine misalin da nake yawan nunawa a nan. Farar fuska mai ƙaho biyu da baƙaƙen ramukan ido, a cikin duhu mai shuɗi-shuɗi. Ka cire kala, ka matse, ka ɓata shi yadda kaga dama, farar fuskar nan tana nan daram.

Daga nan sai ka sa masa dishi-dishi sosai, ko ka runtse ido rabi ka kalla. Ƙananan ado duk zasu tafi a bar manyan siffofi. Ƙirga su. Biyu ko uku ne, madalla. In kuwa kwamacala ce baka san ina ne kai ina ne ƙafa ba, kaya sunyi yawa. Wasu ma sukan shafe jarumin da baƙi gaba ɗaya su bar inuwarsa kawai su ga ko za'a gane shi. 'Yan sama jannatin Among Us ko yaro ka nuna wa inuwarsu zai gane, jiki guda ba wuya, gajerun ƙafafu, jaka a baya, shikenan.

Bari mu ce gem ɗin dambe ka haɗa. Zuciya zata ce ka sa komai, 'yan damben biyu, makaɗa da kalangu, alƙalin wasa, taron 'yan kallo, ƙura na tashi, rana na faɗuwa, har da tuta. A 1232 da 706 wataƙila ya ɗauka in an tsara. A aikon kuwa ni hannun nan guda zan bari, dunƙulallen hannu naɗe da zare an ɗaga shi, a kan bango mai kala ɗaya. Wanda ya san dambe ya gane nan take, wanda bai sani ba a Brazil ko Indonesiya zai gane dai duka ne da hannu kuma ba irin damben Turawa da ya saba gani ba, toh sai ya danna ya gani. Makaɗan su jira sikirinshot.

Wahalar ita ce mai gem ya sha wuya a kan kowane mutum-mutumi da ke ciki, yana jin cire wani daga hoto cin amana ne. Sai dai ayi haƙuri a cire.

Sa shi cikin maƙwabtansa

Hoto shi kaɗai a kan farin shafi kullum kyau yake. Ka shiga Steam ko Play Store ka nemo jerin gem masu kama da naka, ka ɗauki sikirinshot na jerin, ka liƙa naka a gurbin ɗaya daga ciki, daidai girmansu. Kar ka sa shi a sama, cusa shi tsakiya. Abu biyu kake dubawa kuma suna ɗan jan juna: yayi kama da danginsa har a gane irinsa, sannan ya bambanta dasu har ido ya tsaya a kansa.

Kowane irin gem yana da alamomin da masu buga shi suka saba dasu. Na ban tsoro duhu da ja da fuska a ɓoye. Na noma da zaman lafiya kore da shuɗi da hasken rana. Na gina gari ana hango gine-gine daga sama. Na kati a ga kati, Balatro na 2024 da ka ganshi ka san harkar karta ce. In gem ɗinka na wasa ƙwaƙwalwa ne mai sanyi amma hoton mutum ne da zabgegen takobi yana huci, masu son faɗa zasu danna su ga ba faɗa su fita, masu son wasa ƙwaƙwalwa kuma basu ma danna ba. Anyi biyu babu.

Amma bin dangi yana da iyaka. Tun da Clash of Clans na Supercell ya fito a 2012 da aikon ɗin basamuden nan mai rawayan gashin baki ya wage baki yana ihu, gem-gem na yaƙi a waya suka bi sahu, har ya zamana in ka buɗe jerin sai kaga maza birjik kowa baki a wage yana kallon gefe guda. Fuska tana jan ido, wannan gaskiya ne, ɗan Adam fuska yake fara nema a hoto, shi yasa aikon ɗin Subway Surfers ma fuskar Jake ce. Amma in kai ne na ashirin mai ihu, ba wanda zai ji ihunka. In jerin duk ja da baƙi ne gwada rawaya, in duk fuska ne gwada abu, makami ko mota ko hannu.

Ka lura da kalar shagon shi kansa. Bangon Steam duhu ne mai shuɗi, kafsul mai gefuna baƙaƙe ko shuɗi mai duhu sai ya narke a rasa inda ya fara. Play Store kuwa wani fari yake gani wani ya kunna yanayin duhu, sai ka gwada aikon ɗinka a kan duka biyun. Kuma kar ka lanƙwasa kusurwoyin aikon da kanka ko ka sa masa inuwa, Google ke yin wannan da kanta, naka ka miƙa shi mai kusurwa huɗu cif, ka kuma janye muhimman abubuwa daga kusurwa kar a yanke su. A faffaɗan hoton nan na 1024 da 500 in kana da bidiyo alamar kunnawa a tsakiya take zama, in fuskar jaruminka na tsakiya toh an rufe ta.

Kar a raina yadda 'yan gem ke damuwa da wannan abu. A 2017 masu Snake Pass sun canza aikon ɗinsu na Nintendo Switch suka sa fuskar macijin kawai babu suna, mutane suka yi ta ƙorafi har sai da aka sake canza shi.

Yanzu nemo baƙo

Ba abokinka da kuke hirar gem ɗin tun farko ba, ba kuma mama ba, ita ko me ka nuna mata zata ce Allah yayi albarka. Nemo wanda yake buga gem amma bai san naka ba, irin yaran da ke kwana kan Free Fire da eFootball a unguwa sun isa. Nuna masa jerin nan da ka liƙa naka a ciki na ɗan ƙiftawar ido, ka kife wayar, ka tambaye shi wanne ya tuna. Sannan ka nuna masa naka shi kaɗai na daƙiƙa biyu ko uku, ka sake kifewa. Meye sunan? Me kake jin ana yi a ciki? Na dariya ne ko na tsoro?

Kar ka tambaye shi yayi kyau. Kunya zata sa yace yayi. Kuma in ya bada amsar da ba ita ba ka haɗiye, kar ka fara "a'a ai kaga wannan ba bindiga bace sandar tsafi ce", a shago babu kai a wurin da zaka yi wannan bayanin. Ka gwada da mutum biyar ko shida daban-daban, ba a tare ba domin na farko in ya faɗi nasa sauran bi zasu yi. In mafi yawansu sun ce gem ɗin tsere ne alhali na noma ne, laifin hoton ne ba nasu ba.

Hoton yana faɗin gaskiya?

Ba dole kafsul ya zama sikirinshot ba, ko kusa. Vampire Survivors a ciki 'yan ƙananan zanen fiksel ne amma hoton shagonsa zanen hannu ne cikakke, kuma ba wanda yace an cuce shi, tunda duhun da dodannin duk suna ciki. Ana ƙawata abu. Matsalar tana farawa ne in hoton yayi alƙawarin abun da babu shi sam. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallolin Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix, waɗannan da ake nuna ana zare fil don ceto mutum daga ruwa ko wuta, saboda ba shine ainihin abun da ake bugawa a yawancin gem ɗin ba. Babban kamfani yana iya shanye irin wannan, kai ƙarami ba zaka iya ba. A Steam mutum na da damar a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 in bai buga ya kai awa 2 ba, kuma kafin ya tafi zai bar maka mummunan sharhi. A waya kuwa wanda ya ƙona datarsa ya sauke ya tarar da wani abu daban, tauraro ɗaya zai manna maka da zagi a kai.

Sikirinshot kuwa a Steam tun 2016 Valve ta ce su zama na cikin gem na gaske, ba zanen talla ko hoton fim ba, kuma aƙalla guda 5 ake nema. Ka duba na farko da na biyu da kyau, su nuna ana cikin wasa, ba menu ko allon "fara" ba. Ka jera kafsul da sikirinshot na farko gefe da gefe, in kala da yanayi sun nuna gida ɗaya suka fito toh lafiya.

Dokokin shago, a taƙaice

Daga 1 ga Satumba 2022 Steam ta hana sa makin sharhi, da sunayen kyaututtuka ko furannin nan na lambar yabo, da rubutun rangwame, da tallan wani kaya daban a kan kafsul. Zanen gem, sunansa, da ƙaramin sunansa na hukuma, su kenan. In kayi babban sabuntawa akwai hanyar sa hoto na wucin gadi mai ɗan rubutu, na wata ɗaya. Ni dokar nan ta min daɗi, kafin nan wasu kafsul ɗin lambobin yabo sun rufe sunan gem ɗin ma. Google ita ma daga 2021 ta taƙaita sunan manhaja zuwa harafi 30, ta hana rubuta abubuwa irin su "kyauta" ko "lamba ɗaya" a aikon da suna. Tunda dala 100 kake biya kafin ka sa gem ɗaya a Steam, kuma sai sun duba shafin kafin ya fito, ba daɗi a dawo maka dashi saboda rubutu ɗaya.

Sai a zuƙo hoton sosai a bi shi lungu-lungu ana neman abun kunya. Kwalin Okami na Wii a 2008 ya fita da tambarin shafin labaran gem na IGN ɓoye a jikin zanen, alamar daga intanet aka kwaso hoton. In da AI aka haɗa, duba yatsu, duba inda hannu ya riƙe makami, duba rubuce-rubucen bango marasa ma'ana. Tun Janairun 2024 Steam ke neman mai gem ya bayyana in yayi amfani da AI, kuma bayanin na fitowa a shafin kowa ya gani. 'Yan gem da yawa da sun hango ƙyallin nan na hoton AI suke ɗauka gem ɗin ma aikin gaggawa ne, ko da ba haka bane. In kuɗin mai zane guda ɗaya kake dashi a duk aikin, ni dai a kan kafsul zan ce ka kashe shi.

Toh kyan fa? In duk na sama sun zauna sai ka dawo kan babban hoton ka more. Haske daga gefe ɗaya yake zuwa ko kowane abu da nasa ranar? Kalolin sun kai nawa, biyu ko uku masu jagora sun isa. Jarumin yana wani motsi ko yana tsaye ƙiƙam hannu a gefe? Ina yake kallo, domin ido bin kallonsa yake, gara ya kalli wajen logo ko ya kalli mai kallo da ya kalli wajen hoton. Akwai ɗan fili da ido zai huta? Nan kam ra'ayi yana shiga, ni ina son hoto mai ɗan iska a ciki, wani yafi son cikakke, ba zamu yi faɗa ba muddin sunan na karantuwa.

Bayan ka ɗora

A Play Console, shafin masu ɗora manhaja a Play Store, akwai gwajin da Google ke raba masu ziyara, wasu su ga wannan aikon wasu su ga wancan, ta gaya maka wanne yafi kawo saukewa. Apple ma tana da irinsa tun zamanin iOS 15, har kala uku zaka iya gwadawa a kan na asali. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, kalar bango kaɗai ko fuska kaɗai, in ka canza komai tare ba zaka san wanne yayi aikin ba. Kuma in mutanen da ke shigowa shafinka 'yan kaɗan ne ka bar gwajin ya daɗe, bambancin mutum uku ko huɗu ba hujja bace.

Steam bata da wannan rabawar, amma a Steamworks, shafin masu ɗora gem, zaka ga sau nawa kafsul ɗinka ya bayyana a idon mutane da sau nawa aka danna, wuri-wuri. Ka rubuta ranar da ka canza hoto, ka kwatanta makonnin baya da na gaba, sai dai kar ka kwatanta lokacin rangwame ko Next Fest (bikin gwada gem masu zuwa a Steam) da ranakun da ba komai, lissafin zai ruɗe ka. In ana dannawa sosai amma ba a sa gem ɗin a jerin buri, wato jerin gem da mutum ke son siya nan gaba, kafsul ɗin yayi nasa, matsalar na cikin shafi ko kuma ya kira mutanen da ba naka ba. In kuwa yana bayyana ba a dannawa, koma kan 120 da 45 ɗin nan.

Kuma in mai zane ka ɗauka haya, tun kafin ku rabu ka karɓi fayil ɗin asali mai hawa-hawa, jarumi daban, bango daban, logo daban marar bango, kuma bangon ya zama yafi abun da ake buƙata faɗi da tsawo. Zaka buƙaci na kwance da na tsaye da mai kusurwa huɗu, kuma shagunan nan suna canza ma'auni yadda Valve tayi a 2024, ranar da hakan ta sake faruwa ba lallai lambar mai zanen tana shiga ba.